Jirgin ƙasa na fasinja a arewacin Jihar Kano

Jirgin ƙasa na fasinja a arewacin Jihar Kano ya shafi layuka biyu: tsohon layin dogo na Kano zuwa Nguru, da sabon layin Kano zuwa Maraɗi wanda aka fara ginawa a shekarar 2021. Yankin na cikin karkarar da ta fi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma, inda gona ke manne da gona, ƙauye na hango ƙauye. Duk da haka, mota da babur ne ke ɗaukar nauyin zirga-zirgar yau da kullum tsakanin garuruwansa da birnin Kano.

Tarihi

Layin dogo ya iso Kano a shekarar 1911 daga Baro, da ke gaɓar kogin Neja. Turawan mulkin mallaka sun sa ran auduga za su kwasa, sai manoman Kano suka rungumi gyaɗa, wadda ta zama babban kayan jirgin na tsawon shekaru. Daga baya aka miƙa layin zuwa arewa maso gabas, ta Jogana da Zakirai da Ringim da Malam Madori, ya kai Nguru a 1930. Faɗin wannan dogo milimita 1,067 ne, wato ƙaramin layi. Tun asali kaya aka gina shi domin su, fasinja kuwa ɗori ne. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka kafa a 1955, ita ta gaje shi. Bayan faɗuwar cinikin gyaɗa a shekarun 1970 da yawaitar manyan motoci, harkar jirgi ta yi ta ja da baya.

Kalmar "tasha" aro ce daga Turanci, kuma yau idan aka faɗe ta kawai a Kano, tashar mota ake nufi. Mai nufin ta jirgi sai ya ƙara bayani.

Layin Kano zuwa Maraɗi

A watan Satumba na 2020 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da kwangilar kusan dala biliyan 1.96 ga kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal, kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a watan Fabrairu na 2021. Tsawon layin kimanin kilomita 284 ne, faɗinsa milimita 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna. Zai bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya kafin ya shiga Jamhuriyar Nijar, tare da reshe zuwa Dutse. A cikin Jihar Kano an tsara ƙananan tashoshi a Kunya da Dambatta.

Tafiyar buɗe ido

Layin zai haɗa fadojin sarakuna huɗu: Kano, Kazaure, Daura da Katsina, kowacce da hawan sallarta. A Daura akwai rijiyar Kusugu, a Katsina akwai hasumiyar Gobarau. Jirgin musamman na sallah, ko na ɗaliban makaranta masu zuwa ziyara, shi ne mafi sauƙin shiryawa, domin rana ɗaya ce, kuma an san yawan masu tafiya tun kafin a tashi.

Jirgin safe da yamma

Jirgin da zai kai ma'aikata da 'yan kasuwa birni da safe ya dawo da su da yamma wani abu ne daban. Masu buƙatarsa suna da yawa: 'yan ƙwadago, ɗalibai, masu kai hatsi kasuwar Dawanau, da fataken da ke cin kasuwar Dambatta ranar Lahadi. Sai dai tsarin layin bai karkata gare su ba. Dogo guda ne, don haka jirage biyu ba sa wuce juna sai a wuraren da aka tanada, kuma kowane jirgin fasinja zai yi rabon lokaci da na kaya. Tashoshin ma suna da tazara. Mutumin da sai ya biya kuɗin babur zuwa tasha, ya jira jirgi, sannan ya hau adaidaita sahu a birni, zai iya ganin motar haya da ke tsayawa a bakin hanyar ƙauyensu ta fi masa sauƙi, musamman da yake Dambatta zuwa Kano bai wuce kimanin kilomita 60 ba.

Matsala ta biyu tana cikin birnin ne. A 2016 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.85 da wani kamfanin ƙasar Sin don gina jirgin cikin gari, amma har ta sauka a 2023 ba a gina shi ba. Tsohon layin Nguru, wanda ya ratsa cikin gari ya fita ta Jogana, shi ya fi kama da hanyar jirgin safe da yamma, sai dai faɗinsa bai dace da sabon layin ba, don haka taragon ɗaya ba ya hawa ɗayan.