Yadda Buɗe Ƙofar Mutane Ya Zama Karatu a Ingila

Idan ɗan makulli ya ɓace wa mutum da tsakar dare a Ingila, ya kira mai gyaran makulli, gwanin yakan fara ne da durƙusawa. Zai haska tocila cikin ramin makullin, ya duba launin ƙarfen da siffar ramin, ya gane kamfanin da ya ƙera shi. Daga nan ne zai san ko dabara za ta buɗe shi, ko kuwa sai an huda, kuma a wane gurbi. Wannan duban shi ne darasin da ake fara ɗora sabon shiga a kai, kuma tarihi ne ya tilasta shi.

Tsofaffin makullan Turai shingaye kawai suke da su a ciki, ɓarawo ya goge haƙoran ɗan makulli ya wuce su. A 1778 Robert Barron ya fito da makulli mai 'yan farantan ƙarfe waɗanda sai an ɗaga kowanne daidai gwargwado, kada ya gaza kada ya zarce, sannan sakata ta motsa. Joseph Bramah ya biyo da nasa a 1784, har ya kafa ɗaya a tagar shagonsa a Landan da alkawarin gini 200, wato kuɗin Ingila na lokacin, ga duk wanda ya buɗe. A 1818 Jeremiah Chubb ya ƙera wanda yake cijewa da zarar an taɓa shi da baƙon ƙarfe, mai gida ya dawo ya san an yi masa ƙoƙarin sata.

Sai ga 1851, shekarar babban baje kolin Landan. Wani Ba'amurke mai tallar makulli, Alfred Charles Hobbs, ya buɗe na Chubb a gaban shaidu, sannan ya zauna wa na Bramah, wanda ya shekara kusan 60 yana jiran mai ƙarfin hali. Awa 51 ya ɗauka cikin kwana 16, ya karɓi kuɗinsa. Hankalin masu bankuna ya tashi, aka shiga muhawara: shin ya dace a fallasa raunin makulli a fili? A littafin da ya fito da sunan Hobbs a 1853, an amsa cewa ɓarayi sun riga sun sani, masu gida ne kawai ke cikin duhu. A ganina nan ne tushen koyar da sana'ar a buɗe, domin kafin nan sirri ne da maigida ke raɗa wa yaronsa.

A Amurka kuwa, Linus Yale ƙarami ya yi rajistar makullin silinda a 1861 da 1865, mai 'yan ƙusoshi da sifirin da siririn ɗan makulli. Jikokin wannan ɗan makulli ne muke buɗe kwaɗon shago da su a Kano da Maraɗi.

Abin da ya wahalar da mai koyo a Ingila shi ne sabo bai kori tsoho ba. A layi ɗaya za ka tarar da makullin faranti binne cikin katakon ƙofa, da na Yale a samansa, da silindar Turai a ƙofar roba ta maƙwabci. Ma'aunin BS 3621, wanda kamfanonin inshora ke nema, ya sa makullin faranti ya zama mai faranti aƙalla biyar da sulken ƙarfe mai cinye bakin na'urar huda. Wanda bai gane irin makullin ba zai huda inda bai kamata ba, ya lalata ƙofa, ƙofar kuma ta ƙi buɗuwa. Makullan mota masu ƙwaƙwalwar lantarki, da suka yaɗu a shekarun 1990, sun ƙara wani babin.

Masu sana'ar sun kafa ƙungiyoyi don tsara horo: ALOA a Amurka a 1955, Master Locksmiths Association a Ingila a 1958, mai jarraba mambobinta da bincikar tarihinsu. Amma shiga ƙungiyar ganin dama ne. Har yau dokar Birtaniya ba ta neman lasisi daga mai gyaran makulli, wanda ya yi kwas na 'yan kwanaki ma yana iya sayen mota ya fara amsa kiran dare.