Tarihin batirin mota: sanyi na sa shi kasala, zafi na cin ransa

Yau hirarmu a kan motar lantarki ce, wadda wasu ke ɗauka sabon abu ne.

To, ba sabo ba ne. Tun 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya ƙirƙiro batirin darma mai ruwan asid wanda ake sake sharjewa. Jikokinsa ne ke cikin motocinmu har gobe. A 1899 wata motar lantarki mai suna La Jamais Contente ta wuce gudun kilomita 100 a awa, kusa da Paris. Amma batirin ya yi nauyi, ga shi ba ya nisa. Da Ford ya fito da motar esans mai araha a 1908, sai kasuwa ta juya.

Batirin litiyom, wanda Sony ya sa a kasuwa a 1991, shi ya farfaɗo da ita. Sai dai yanayi bai ƙyale shi ba. A 2012, masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka suka koka cewa zafi ya tsufar musu da batiri da wuri. A Janairun 2024 kuma, sanyin Chicago ya tsayar da motocin Tesla a wuraren sharji.

Ga bambancin. Sanyi yana sa aikin sinadaran cikin batiri ya yi nawa, kuma na'urar ɗumama mota tana shan nata kason, tafiya ta gajarta. Da gari ya ɗumama, ƙarfin ya dawo. Shi ya sa moto mai tsohon batiri ke ƙin tashi da safiyar hunturu. Zafi kuwa, abin da ya ci ba ya amayarwa. Mu nan Afrilu da Mayu suna haura digiri 40.

Saboda haka, ƴan uwa, duk mai shirin sayen moto ko mota mai sharji, musamman ta hannu, ya fara tambayar shekarun batirin kafin ya duba fenti. Kamfanoni da yawa garantinsu shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Tsohon batiri yana iya barin mutum a daji tsakanin Matamaye da Damagaram. A ajiye a inuwa, kada a jona kuran batiri na da zafi, kada a bari ya mutu murus. Batirin sola na gida ma haka.

Allah ya tsare mana dukiya. Wanda ya taɓa gwadawa, muna jiran labarinsa a ƙasa.