Gajeriyar Bindiga Da Ma'auninta

A zamanin da, sojan Ingila bindiga iri biyu suke riƙewa. Dakaru, watau masu yaƙi a ƙasa, suna da doguwa, mai bututu inci 30. Barade kuwa, da yake doguwar bindiga ba ta daɗin ɗauka bisa doki, sai aka yi musu gajeriya, mai bututu wajen inci 21, wadda ake kira karbin.

A yaƙin da Ingilishi suka yi da Bowa a Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, aka ga kasawar karbin, gama Bowa gwanayen harbi ne daga nesa. Saboda haka a 1904 aka ba dakaru da barade bindiga guda, matsakaiciya, mai bututu inci 25. Sunanta Lee-Enfield gajeriya.

To, kowace bindiga tana da ƙarafa biyu da ake auna bara da su. Akwai tsinke a tsaye kusa da baki, akwai kuma ma'auni na baya, kusa da idon mai harbi. Sai mutum ya daidaita su biyu da abin da yake nufi kafin ya saki harsashi. In harsashi yana sauka ƙasa da bara, maƙerin soja yakan cire tsinken gaba ya sa wanda bai kai shi tsawo ba, don bakin bindiga ya ɗaga. In yana wucewa ta sama, sai ya sa mafi tsawo. Tsinkayen Lee-Enfield hawa-hawa ne, kowane ya ɗara na ƙasa da shi da kashi 15 cikin 1,000 na inci, watau kamar kaurin takarda huɗu.

Amma fa tsinke ɗaya ba ya yin aiki ɗaya a kan kowace bindiga. Abin da ke hukunci shi ne ratar da ke tsakanin tsinken gaba da ma'aunin baya. In aka kwantar da gora da taɓarya a ƙasa, aka sa tsakuwa iri ɗaya ƙarƙashin kan kowacce, taɓarya za ta fi karkata, domin ita ce gajeriya. Haka nan in ratar ta gajarta, ɗan canji kaɗan yakan kai harsashi nesa da inda yake sauka a da.

A bindigar 1904 da ƙannenta, ma'aunin baya a kan bututu yake, ratar inci 19 da rabi ce. Canjin tsinke ɗaya yakan gusar da harsashi kusan inci 3 a yadi 100. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1941, aka rarraba sabuwa, Lamba 4. Tsawon bututunsu ɗaya ne, amma an mai da ma'aunin baya can kusa da ido, an yi shi ƴar kafa da ake leƙawa ta ciki. Ratar ta kusa inci 29, canjin tsinke ɗaya bai cika inci 2 ba. Bindigogin wannan gida su ne sojan Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama.

Yaƙin kurmi ya sake jawo bukatar karbin, domin doguwar bindiga tana sarƙewa cikin duhuwa. A 1944 aka fito da Lamba 5, mai bututu wajen inci 19. Ma'auninta na baya iyakarsa yadi 800, na Lamba 4 kuwa har 1,300. Ratarta inci 23 ce da ɗan ɗori, tsinke ɗaya yana gusar da harsashi inci 2 da sulusi. Abin lura a nan shi ne, ko da yake bututunta bai kai na bindigar 1904 ba, ratarta ta fi ta waccan, don haka gyaranta ya fi na waccan sauƙin daidaitawa. An daina ƙera ta a 1947, amma an yi yaƙi da ita a kurmin Malaya bayan wannan.

Bambancin nan yana ƙaruwa da nisa. A yadi 300, tsinken da ya gusar da harsashin Lamba 4 inci 5 da rabi, na Lamba 5 inci 7 zai gusar. Maƙerin da ya ɗauki lissafin doguwa ya yi wa gajeriya gyara da shi, ya zarce abin da ya nufa, sa'an nan sojan da ya amince da bindigar shi zai ga sakamakon a bakin daga. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Shi ya sa akan gwada kowace bindiga a filin harbi, a hannun mai ita, bayan an taɓa tsinkenta.