Me ya sa maganin funfuna ɗaya ba ya kashe kowace funfuna?

Manoman gero da dawa da gyaɗa a garin Kunci da kewayensa, a arewacin jihar Kano, sun saba gauraya iri da garin magani kafin shuka.

Sai dai maganin da ya kare gero daga wata cuta ba lallai ne ya hana gyaɗa yin funfuna a rumbu ba. Masana kimiyyar harhaɗa sinadarai na danganta wannan da siffar ƙwayar sinadarin kanta.

Siffa da aiki

Magungunan funfuna da yawa suna aiki ne ta hanyar manne wa wani sashe a jikin funfunar, kamar yadda makulli ke shiga kwaɗonsa. Idan siffar ta sauya ko da kaɗan, ƙarfin maganin na iya ƙaruwa ko ya ɓace.

Sinadarin difenoconazole, wanda ake sa wa a maganin iri irin su Apron Star, yana da zobe mai ɗauke da ƙwayoyin naitirojin guda 3. Ɗaya daga cikinsu kan kama ƙarfen da ke cikin sinadarin da funfuna ke amfani da shi wajen ƙera ergosterol, wato abin da ke ƙarfafa fatar ƙwayarta. Da zarar an toshe wannan hanya, funfunar ba ta iya girma. Da haka ne yake daƙile cututtuka irin su burtuntuna.

Amma cutar da ke sa zangarniyar gero ta fitar da ganye maimakon tsaba ba ta ƙera ergosterol, don haka wannan magani ba ya tasiri a kanta. Shi ya sa ake haɗa shi da wani sinadari dabam mai suna metalaxyl.

Dama da hagu

Kamfanin Ciba-Geigy na ƙasar Suwizalan ne ya fito da metalaxyl a shekarar 1977. Ƙwayoyinsa iri biyu ne masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, amma ɗaya ne kawai ke yin kusan dukkan aikin.

A shekarar 1996 aka fara sayar da mai aikin shi kaɗai, da sunan metalaxyl-M, wanda kusan rabin ma'aunin da aka saba ya wadatar.

Funfunar rumbu

Funfunar da ta fi haɗari ga masu cin gyaɗa da masara ita ce Aspergillus flavus, mai fitar da gubar aflatoxin da ke haddasa ciwon dajin hanta. An gano gubar ce bayan talotalo kimanin 100,000 sun mutu a Ingila a shekarar 1960, sakamakon cin abinci mai ɗauke da garin gyaɗa.

Maganin iri ba ya kawar da wannan guba, kuma hatsin da aka gauraya da shi bai halatta a ci ko a bai wa dabbobi ba.

Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ke amfani da irin funfunar da ba ta da guba domin ta danne mai guba tun a gona.

Bayan girbi kuwa, babbar kariya ita ce shanya amfanin gona ya bushe sosai, a tsince wanda ya lalace, sannan a adana shi inda laima ba ta kai.