Kalmar «perfect»: asalinta, ma'anoninta da inda ake kuskure

«Perfect» kalmar Ingilishi ce da ake nufin abu cikakke ko marar aibi da ita. Wanda ya yi lakwal zai gane ta nan take, domin ita da «parfait» ta Faransanci tushensu ɗaya.

Asalinta «perfectus» ne na harshen Latin, wato abin da aka yi har ƙarshe. Ta shiga Ingilishi ta hanyar tsohon Faransanci da siffar «parfit». Daga baya masana suka maido da harafin «c» don ta yi kama da ta Latin. Ke nan ma'anarta ta farko ita ce kammalalle, rashin aibi ya biyo baya ne.

A maganar yau da kullum, idan tela ya yi ɗinki ba inda za a gyara, sai a ce «perfect». Haka a wasanni: a gasar Olamfik ta Montreal a 1976, Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya ta samu maki 10 cif, aka kira shi «perfect ten». Wani lokaci kuma ƙarfafa magana kawai take yi. «A perfect stranger» ba baƙo nagari ba ne, mutum ne da ba ka taɓa sani ba sam.

A lissafi, «perfect number» lamba ce da idan aka tara lambobin da ke raba ta daidai, ban da ita kanta, sai a same ta. Misali 6, wato 1+2+3, da 28, wato 1+2+4+7+14.

A nahawu ne ƴan makaranta suka fi faɗawa rami. «Present perfect» ya yi kama da «passé composé» a siffa, amma ba a haɗa shi da lokacin da ya wuce aka ambata. Ana cewa «I have seen him», amma idan an sa «yesterday», sai dai «I saw him yesterday». Wannan kuskure na iya jawo asarar maki a jarrabawar BEPC da BAC.

Wajen furuci, idan siffa ce ana ƙarfafa gaɓar farko, idan aikatau ne mai nufin kyautata abu, sai ta biyu.

Mai fassara zuwa Hausa ya duba wurin da kalmar ta zo: cikakke, kammalalle, marar aibi, ko daidai wa daida. Ga ɗan Adam kuwa a yi hattara, domin Bahaushe ya san kamala ta Allah ce.