Gadon Sarauta a Gidajen Zazzau da Muƙamin Baronet na Ingila

Gadon sarauta, wato wucewar muƙami daga magabaci zuwa magajinsa a cikin zuriya ɗaya, al'ada ce da ake samu a ƙasashe da dama, sai dai hanyar fitar da magajin ta bambanta ƙwarai, kamar yadda ake gani idan aka dubi muƙamin baronet na Ingila tare da sarautar Zazzau. Sarki James na Ɗaya ne ya ƙirƙiro muƙamin baronet a shekarar 1611 domin ya tara kuɗin ciyar da soja a lardin Ulster na ƙasar Ireland, inda kowane mai buƙata ya biya fam 1,095, kuɗin ɗaukar nauyin soja talatin na tsawon shekara uku. Mai wannan muƙami ana kiransa da laƙabin Sir, ba ya mulkin ƙasa, ba shi da kujera a majalisar iyayen ƙasa, kuma idan ya rasu babban ɗansa namiji ne yakan gaje shi. Tun daga 1910 akwai rajistar hukuma wadda sai magaji ya kawo hujjar nasabarsa kafin a rubuta sunansa a ciki, idan kuwa 'ya'ya maza suka ƙare a zuriyar, muƙamin ya mutu ke nan.

A Zazzau gida ne ke gadon sarauta, haihuwa kuwa tana ba ɗan sarki damar nema ne kawai, ba ta tabbatar masa da gadon mulki. Asalin wannan tsari yana komawa ga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, lokacin da Malam Musa, wanda ya karɓo tuta, ya ci birnin Zariya wajen 1808, Sarki Makau na Haɓe ya yi kudu zuwa Zuba, daga baya ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yanzu ake kira Suleja. Da Malam Musa ya rasu a 1821, ba a naɗa ɗansa ba, sai aka naɗa abokin gwagwarmayarsa Yamusa, bayansa kuma Abdulkarimu ya hau a 1834. Daga waɗannan mutum uku aka sami gidan Mallawa da gidan Barebari da gidan Katsinawa, sa'an nan hawan Abdussalami a tsakiyar ƙarni na 19 ya ƙara gidan Sulluɓawa ya zama na huɗu, ko da yake tun daga kansa gidan bai sake fitar da sarki ba.

A wancan zamani masu zaɓen sarki kan tace sunayen 'ya'yan sarki, amma magana ta ƙarshe tana hannun Sarkin Musulmi, wanda ke aiko Wazirin Sakkwato ya naɗa ko ya tuɓe, kuma Sakkwato ta yi amfani da karɓa-karɓa tsakanin gidajen don kada wani gida ya yi ƙarfin da zai fi ƙarfinta. Ta wannan hanya aka tuɓe Sidi Abdulƙadir ɗan Malam Musa, aka tuɓe Abdullahi har sau biyu, aka kuma tuɓe Sambo. Masanin nan M. G. Smith, a littafinsa na 1960 kan tsarin mulkin Zazzau, ya nuna yadda sabon sarki kan sauke 'yan sauran gidaje daga manyan sarautu irin su Madaki da Wambai da Ɗangaladima ya naɗa nasa, domin riƙe babbar sarauta shi ke tara wa ɗan sarki dukiya da barori, ya sa sunansa gaba ranar da gadon ya zama babu kowa.

Zuwan Turawa ya ɗauke ikon tabbatarwa daga Sakkwato zuwa hannun Gwamna. Su ne suka tuɓe Kwasau suka naɗa Aliyu Ɗan Sidi na gidan Mallawa a 1903, suka kuma tuɓe shi a 1920 suka kai shi Lakwaja. A zamaninsu ne aka tura masu sarauta su zauna a gundumomi a matsayin hakimai masu albashi, aka kuma kafa Tudun Wada a wajen ganuwa, tsakanin Birni da Sabon Gari, domin 'yan Arewa waɗanda ba Zagezagi ba, mutanen da ba su da gidan sarauta a cikin birni amma suka shiga ƙarƙashin masu sarautar da fada ke naɗa musu. Barebari suka riƙe mulki daga 1920 zuwa 1959 ta hannun Ɗalhatu da Ibrahim da Ja'afaru, sai Katsinawa suka karɓa ta hannun Muhammadu Aminu, bayansa Shehu Idris daga 1975 har rasuwarsa ranar 20 ga Satumba, 2020.

Masu zaɓen sarki a yau su biyar ne, wato Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a da Limamin Kona, Gwamnan Jihar Kaduna kuma shi ke tabbatarwa. A ranar 7 ga Oktoba, 2020 aka bayyana Ahmad Nuhu Bamalli, wanda a lokacin yake riƙe da sarautar Magajin Gari kamar yadda mahaifinsa Nuhu Bamalli ya riƙe ta, a matsayin sarki na 19 a jerin Fulani. Da a ce dokar baronet ake bi, da tun 1821 mulki bai bar zuriyar Malam Musa ba. A bisa al'adar Zazzau kuwa, gidan Mallawa ya jira shekara ɗari cif bayan tuɓe Ɗan Sidi, haƙƙinsa na nema bai faɗi ba, har sarautar ta sake kewayowa kansa.