Jirgin ruwan Disneyland da tambayar 'yar yayana

1/ Jama'a, zare ne mai ɗan tsawo, ku gyara zama. Na je Disneyland da ke Anaheim a jihar Kalifoniya, na shiga wani jirgin ruwa na wasa da tafiyarsa ba ta kai minti 10 ba. A ciki 'yar yayana ta yi min tambayar da ta sa na kwana ina tonon tarihi.

2/ Yarinyar shekararta 8, a Amurka aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Ita ta ja ni ɓangaren da ake kira Adventureland, wato ƙasar kasada. Kana shiga sai kiɗan ganguna, rumfunan ciyawa, gora, tsofaffin akwatuna, bishiyoyi sun rufe sama.

3/ Babban abin kallon wurin shi ne Jungle Cruise. Kuna zaune a jirgi, matuƙi na zuba barkwanci, kuna wuce giwaye na wanka, dorina na wage baki, ga kadoji. Duk mutum-mutumi ne masu motsi. Gaskiya aikin ya yi kyau, na sha dariya.

4/ Da matuƙi ya ce mun shigo Afirka, sai ta taɓo ni: "Baffa, haka garinku yake? To ina mutanen?" Wallahi sai na yi turus. Ni da na tashi a Kano cikin cunkoson adaidaita sahu, ban taɓa ganin dorina ba sai a talabijin.

5/ Amsar ita ce da can akwai mutane a bakin wannan kogi. Cire su aka yi a 2021. Amma kafin mu zo kan dalili, bari mu koma farko.

6/ An buɗe Disneyland ranar 17 ga Yuli, 1955, a filin da a da gonakin lemo ne, kuma wannan jirgi na cikin abubuwan da aka fara da su. Ku lura da shekarar. A lokacin Najeriya da Nijar da Gana duk suna ƙarƙashin mulkin mallaka.

7/ Wanda ya zana wurin, Harper Goff, ya ɗauko fasalin jiragen ne daga fim ɗin The African Queen na 1951, labarin Turawa biyu a kan wani kogi a Afirka. Har yau jiragen na ɗauke da sunayen koguna: Kongo, Nilu, Zambezi, Amazon, Ganges. Nahiya uku a kududdufi ɗaya.

8/ Walt Disney ya so a zuba dabbobi na gaske. Aka ce masa za su yi ta barci ko su ɓuya da rana, sai aka ƙera na roba. Mai shuke-shuken wurin, Bill Evans, har bishiyoyin lemo ya kafa a juye, saiwa a sama, don su yi kama da na ƙurmi.

9/ Sai mutanen. A bakin kogi an jera baƙaƙen mutum-mutumi da masu da garkuwa, suna rawa, ga ƙoƙunan kai a rataye, wasu kuma sun yi kwanton ɓauna kamar za su afka wa jirgi. A ƙarshe akwai wani Trader Sam, ɗan kasuwar da hajarsa kawunan mutane ce.

10/ A 1964 aka ƙara wani wasa na mai zane Marc Davis: karkanda ta koro ayarin masu yawon daji sun ɗare wani dogon itace. Bature na can ƙoli, 'yan dakonsa baƙaƙe na jere ƙasa da shi, na ƙarshe ƙahon karkanda na zungurarsa. Shekara fiye da 50 ana wucewa ana dariya.

11/ Kar ku ɗauka Disney ya ƙirƙiro wannan kallo. Gado ya ci. Tun wajen 1875 wani dillalin namun daji a Hamburg, Carl Hagenbeck, yake kawo mutane daga ƙasashe masu nisa yana baje su ana biya ana kallo. A 1906 an ajiye Ota Benga, ɗan Kongo, a gidan birai na gidan namun dajin Bronx a New York.

12/ Mu ma abin ya zo kanmu. A baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembley ta Landan a 1924, an gina wa Afirka ta Yamma wani birni mai ganuwa da aka kwaikwayo daga ganuwar Kano. Aka kai masu sana'a, har da Hausawa, suna aikinsu a ciki, Turawa na zagayawa suna kallo.

13/ Ɗaliban Afirka da ke Landan ba su yi shiru kan wulaƙancin da jaridu suka riƙa rubutawa a lokacin ba. Ɗaya daga cikinsu, Ladipo Solanke, ɗan Najeriya mai karatun lauya, ya rubuta martani. A 1925 ya jagoranci kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma, WASU.

14/ Kuma kar a ce abin tsohon zamani ne. A baje kolin duniya na Brussels a 1958, shekara 3 bayan buɗe Disneyland, an sake kafa "ƙauyen 'yan Kongo" da mutane masu rai. Bambancin Anaheim kawai shi ne nasu na roba ne, ba sa gajiya, ba sa ƙorafi.

15/ Duk waɗannan labari ɗaya suke bayarwa: Bature ne mai kasada, mu kuma kayan adon hanya ne, kamar bishiya da kada. Shi ne labarin da aka koya mana a firamare cewa Mungo Park ya "gano" kogin Neja a 1796, alhali masunta ya tarar a bakinsa.

16/ To su wa ke ƙasan itacen nan? A tarihi na gaske suna da suna. Ku riƙe wannan: Dorugu. Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram, aka kama shi bawa yana yaro. Wani Bajamushe, Adolf Overweg, ya 'yanta shi. Da Overweg ya mutu a 1852 sai ya bi Heinrich Barth.

17/ Shi da abokinsa Abbega suka raka Barth har Tumbuktu, suka keta Sahara, suka isa Landan a 1855. Ku lissafa: shekara 100 cif kafin a buɗe Disneyland, wani matashin Bahaushe ya riga ya yi tafiyar da ta fi duk abin da jirgin nan ke kwaikwayo.

18/ A Ingila ya zauna da wani mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da tafiye-tafiyensa da Hausa, har da yadda ya ga Turawa na zaman cin abinci. An buga shi a littafin Magana Hausa a 1885. A can su ne abin kallo, shi ne mai ba da labari. A Kano ya rasu a 1912.

19/ Mu koma jirgi. A Janairun 2021 kamfanin ya sanar zai cire siffofin da ke ƙasƙantar da 'yan asalin ƙasa, aka sake buɗewa a Yuli. Masu mashi sun tafi. Kan itacen yanzu baƙi ne daga ƙasashe daban-daban. Rumfar Trader Sam ta koma shagon kayan tsintuwa.

20/ Gyara ne, kuma na yaba. Amma ku dubi abin da ya rage: Afirka mai giwa da dorina da birai, babu gari, babu kasuwa, babu makaranta. An cire ƙaryar da aka yi mana, mu ma aka haɗa aka cire mu. Shi ya sa yarinya ta tambayi ina mutanen.

21/ Ban ce kar ku je ba. In Allah Ya ba ku hali ku je, ku sha dariya, ku yi hotuna. Wurin wasa ba aji ba ne, ba kuma aikinsu ba ne su koya wa 'ya'yanmu su waye su. Namu ne. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

22/ Da muka koma gida na buɗe mata hotunan marinar Ƙofar Mata da hawan Sallah a waya, na ba ta labarin Dorugu. Ta saurara tsaf, sannan ta ce: "Baffa, shi ina nasa jirgin?" Har yanzu ban samo mata amsa ba. Masu rubutu da zane da fim a cikinku, ga aiki nan.